Iyakar da Ƙafa Ta Sani

Manaja ba sunanta ba ne. Ƙaninta ne ya laƙaba mata don tsokana, ranar da ta sayo wani ƙaton fayil mai zobe, sunan kuma ya bi ta har masu sayen masara ba su san wani ba.

Su uku mahaifinsu ya bar wa gonar. Yaya, babbansu, shi ke noma, kuma ba ya son hira ta wuce ta taki da ruwan sama. Auta yana da shagon kayan babur a cikin gari. Furfura ta fara fito masa a gemu, amma Auta dai ake ce masa. Ita ce ta tsakiya, takardu ne aikinta. Bayan rasuwar tsohon ta haɗa kansu suka yi wa gonar rajistar kamfani, don ta ga yadda gonakin maƙwabta suka ƙare: a yanka gida uku, kowane gida a sake yankawa, har a wayi gari abin da ya rage wa mutum bai isa ya juya garma ba. Ofishin kamfanin ɗakin ajiyar taki ne a bakin gona. Tebur ɗaya, kujerun roba uku, sikeli, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an sa masa gwiwa.

Auta bai taɓa ɓoye abin da ke ransa ba. Wani kamfanin kaji ya taya kasonsa, tayi mai tsoka, shi kuma shago yake so ya faɗaɗa. Da ƙyar Manaja ta shawo kansa a kan sharaɗi ɗaya: in tallafin gwamnati ya fito bana, zai haƙura a ci gaba tare. In bai fito ba, ana gama girbi a fitar masa da nasa.

Tallafin na kamfanonin noma ne masu hekta goma na hatsi ko fiye. Tasu gonar goma ce da ɗan ɗoriya. Ta cike fom, ofis ya turo mai awo da na'urarsa, Yaya ya zagaya da shi iyakar gonar a ƙafa, aka ce su jira saƙo. Ranar Litinin saƙon ya shigo wayarta: a zo ofis, fayil ɗinsu ya tsaya.

Ofishin tallafin dogon ɗaki ne mai tebura biyar da fanka biyu, ɗaya ce ke juyawa. Manoma sun cika benci, kowa da ambulan ɗinsa a cinya. Sai da rana ta take tsaka sannan layi ya zo kanta. Jami'ar tebur na uku, wata mace mai tabarau da aka rataya da igiya, ta juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Kin ga koren nan? Gonarku ce, yadda aka auno. Kin ga jan nan a gefe?"

"Na gani."

"Hekta biyu ne a bakin rafi. Ku kun ce naku ne, wani dattijo maƙwabcinku ma an cike masa fom a layin ƙananan manoma an ce nasa ne. Shi an haɗo da takardar mallaka. Taku takardar ba ta kai wurin ba."

"Tun ina goye ake noma mana masara a wurin nan."

"Ban musa miki ba, Hajiya. Kwamfuta ce ba ta san goyo ba." Ta danna wani abu, wani zanen ya hau kan na farko. "Ga abin da takardarku ta ce. Hektarku biyu ba a rafi suke ba, suna nan sama, kan tudu."

Manaja ta matso da kujera. Ba ta buƙaci a faɗa mata abin da ke kan tudun ba. Lambun Baba Mai Lemo ne, inda aka sha koro su suna yara. Sai a lokacin wata tsohuwar magana ta faɗo mata, irin wadda yaro kan ji a bakin manya yana wasansa: wai da can mahaifinsu da Baba Mai Lemo sun yi musayar fili. Mahaifinsu ya ɗauki rafi, Baba ya ɗauki tudu, suka tafa, kowa ya kama aikinsa. Ba wanda ya rubuta. Ita kuwa da ake wa kirari da takardu, duk buɗe takardar gonar da take yi adadin hekta kawai take dubawa. Zanen da ke shafin baya ba ta taɓa tsayawa a kansa ba.

"To yanzu mene ne abin yi?"

Jami'ar ta cire tabarau ta sake shi a ƙirjinta. "Rajistar musaya a ofishin filaye ake yi, wata huɗu in an yi miki sauri. Mu kuma Juma'a muke rufewa. In kun bar rafin, kun koma takwas, kun fita daga layi. In kun ɗauki tudun da takardarku ta ba ku, goma ta cika, amma hatsi muke biya wa, ba itatuwa ba. Wata biyu bayan shuka mai duba zai zo, masara yake so ya gani a tsaye."

"Babu wata hanya?"

"Akwai. Dattijon ya janye fom ɗinsa, ya ba ku hayar rafin a rubuce. Sai dai shekarata goma sha ɗaya a teburin nan, ban ga wanda ya janye hannunsa daga kuɗin gwamnati ba. Sai na gaba."

Da yamma suka haɗu a ɗakin taki. Manaja ta shimfiɗa takardar a tebur, ta juya shafin baya, ta danne gefensa da dutsen sikeli. Auta ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya.

"Yaya, wai awo ka kai mutumin nan ko shan iska?"

"Cewa ya yi in bi iyaka," in ji Yaya. "Na bi iyaka."

"Iyakar wa?"

"Wadda na sani. Daga tsohuwar rijiya, ka bi jerin duwatsu, ka gangara rafi, ka dawo ta kututture. Shekara arba'in nan nake bi. Ko ɗaure mini ido ka yi, nan ƙafata za ta bi."

"Bai tambaye ka takarda ba?"

"Ya tambaya ko na tabbata. Na ce masa ko gobe." Yaya ya sosa ƙeya. "Da muka zo gefen lambun Baba har janyo shi na yi, na ce ya matso kada ya shiga haƙƙin mutane."

Auta ya riƙe ciki. "Ka kore shi daga filinmu, ka kai shi na mutane. Manaja, ki sa wannan a fayil."

Ba ta yi dariya ba. Laifin ba na Yaya ba ne. Ita ta tura shi, ita ce kuma ta bar takardar a kabad ranar awon.

Ta kira ɗan Baba Mai Lemo da ke aiki a birni, don ba ta ko shakka shi ya cike fom ɗin. Ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi yara, ya saurare ta har ta dire.

"Yaya Manaja, ni abin da takarda ta ce na bi. Tsohon nan shekara nawa ana rabon abu ba ya samun ko sisi. Yanzu da rabonsa ya zo sai in ce ya janye? Ki yi haƙuri. Kowa ya tsaya inda takardarsa ta tsayar da shi."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? Tamu takardar a kan lambunsa ta tsaya."

"Ai ba za ku yi haka ba."

Ta kashe wayar. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda ya faɗi maganar hankali kwance, kamar wanda ya jingina da bangon da ya san ba ya faɗuwa. Zai ci tallafi da takarda, ya riƙe lambu da kunyarsu.

"Itace nawa ne a lambun?" ta tambaya.

Yaya ya ɗago. "Me ya kawo tambayar?"

"Tambaya dai na yi."

"Ɗari da arba'in. Kuma ba da hannuna ba." Ya tashi ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya. "Mutumin nan shi ya riƙe kan tsohonmu a asibiti har rai ya yi halinsa." Ya fita.

Ta juya ga Auta. Ya ɗaga hannu biyu.

"Ni ban ce a sare ba, ban ce a bari ba. Magana muka yi da ke, ina kanta. Juma'a nake jira."

"Shekara ɗaya, Auta. Kafin baɗi takardu sun gyaru."

"Bara ma baɗi kika ce. Mutanen kaji ba zaman jirana suke yi ba. 'Ya'yana biyar, Manaja, kuma ba masara suke sawa a ƙafa su tafi makaranta ba."

Rabon da gonar ta ba shi abin kirki tun tsoho na da rai.

Talata ta wuni tana saƙa da warwara. Ba tallafin kansa ne ya dame ta ba. Taki ne da iri da gyaran tarakta na shekara guda, an sha yi babu shi. Amma in Auta ya fita, kasonsa ta tsakiyar gona zai ratsa, hanyar mota da ɗakin taki duk a ciki. Abin da zai rage mata ita da Yaya gutsure biyu ne da katangar kaji a tsakaninsu, kuma sun yi sallama da hekta goma har abada. Kafin rana ta yi sanyi ta yanke shawara: Alhamis za ta koma ofis a sauya zanen ya hau tudu. Ta kira mai injin yankan itace. Ya ce kwana biyu sun ishe shi, in za a bar masa itacen ma ya yi mata ragi. Ta ce ya shirya wa Asabar.

Abu ɗaya ta ƙi, a ce Baba ya ji a bakin wani, ko a ƙarar inji.

Laraba da hantsi ta hau tudun. Lambun a share yake tas, kowace bishiya da ɗan gurbin ban-ruwa a gindinta. Ta same shi a ƙarshen layi, zaune a kan kifaffen bokiti, yana yi wa dashen lemo aure. Ya tsaga kan dashen da 'yar wuƙa, ya soka reshen da ya fere, ya naɗe da leda. Hannunsa rawa yake yi, sai in ya kama wuƙar yake tsayawa.

Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Manaja da kanta. Yau kamfani zai saye ni ke nan?"

"Baba, magana ce ta kawo ni, kuma ba mai daɗi ba."

"Mai daɗi ai waya ake bugowa. Riƙe mini nan."

Ta riƙe masa bakin ledar ya ƙulle. Sannan ta faɗa masa komai a jere, yadda ta tsara a hanya: awon da Yaya ya yi, hekta goma, Juma'a, Auta da mutanen kaji, abin da ɗansa ya ce. Da ta zo kan mai inji ba ta tauna ba. Ta ce Asabar.

Bai ɗago ba sai da ya gama da dashen da ke hannunsa, ya jera shi cikin 'yan'uwansa.

"Yaron nan ya zo da wata takarda watan jiya ya ce in dangwala. Na ce ta mece ce, ya ce ta alheri. Ashe rafi na dangwala wa." Ya goge wuƙar a gwiwar wandonsa. "To. Takarda ba ta yi ƙarya ba, tudun nan na ubanki ne. Masara za ki zuba?"

"Masara."

"Ga diga can jikin tanki. Ɗauko."

Ta ɗauko. Ya nuna mata tsakanin layi biyu, wuri shimfiɗaɗɗe da 'yar ciyawa ta rufe.

"Sara nan."

"Baba..."

"Ke da za ki sare ɗari da arba'in, sara ɗaya ne zai gagare ki?"

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ɗaga digar ta sauke. Bakin bai shiga tsawon yatsa ba ya yi ƙara, girgizar ta hau mata har kafaɗa. Ta matsa gaba ta sake. Ta koma wani layin. Ta gangara inda take ganin akwai laima. Ko'ina amsar ɗaya ce: ƙasa tafin hannu, ƙarƙashinta falalen dutse. A sara na bakwai tartsatsi ya tashi.

"Ya isa, kada ki karya mini ƙota," in ji Baba.

Ta tsaya tana haki, tafin hannunta na raɗaɗi.

"Kowace bishiya da kike gani a tukunya take zaune. Ni na fasa ramin, wani kwana uku, wani sati. Ƙasar da ke ciki daga rafi na ɗebo ta a amalanke, da izinin ubanki, daga filin da yake nawa. In kin sare, abin da za ki samu rami ne ɗari da arba'in. Ki zuba masara uku-uku, mai duba ya zo ya ƙirga."

"Yaya bai taɓa faɗa mini ba."

"Ina zai sani? Yayanki bai taɓa sa fartanya a nan ba."

Ta zauna a ƙasa, digar a gefenta. Sai ta tambaye shi abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba: me ya sa ya yarda da musayar?

"Lokacin ina tuƙin babbar mota, ina da albashi, baki biyu ne a gidana, ni da mai ɗakina. Ubanki ga yayanki, ga ki a goye, ga kakarku, ga ƙannensa biyu, ga wannan dutsen. Wata shekara na dawo daga tafiya na same shi tsugune a nan yana kallon masarar da ba ta kai gwiwa ba. Na ce ya sauka rafi. Kada ki ɗauka waliyyi ne ni. Tudun ya fi kusa da gidana, kuma ina son itace. Amma an kwashe ni a cinikin, na sani, shi ma ya sani. Shekara tara, duk kaka sai in buɗe ƙofa in ga buhu biyu. Bai taɓa cewa shi ne ba, ban taɓa yi masa godiya ba. Da lemo ya fara 'ya'ya ya daina."

Ya ɗauki wani dashen ya juya shi, ya ajiye.

"In tambaye ki. Da digar nan ta shige fa? Da ƙasa ce mai kyau?"

Ta so ta ce da ta fasa. Maganar ta zo har bakinta.

"Da na sare, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya riga ya sani. "Gara da kika faɗa. Da kin ce a'a, da na bar ki da dutsenki." Ya miƙo hannu ta tashe shi. "Gobe ki zo da mota, zan janye. Amma tunda yanzu kun iya karanta shafin baya, abin da za a rubuta muku a kan rafi a rubuta mini irinsa a kan tudu, shekaru daidai wa daida. Kuma ku uku za ku sa hannu, ba ke kaɗai ba."

"Ɗanka fa?"

"Ɗana ne, ba ubana ba."

"Abin da za ka rasa, kamfani zai..."

"Kamfani ya ji da kansa tukuna."

Tana gangarowa ta kira mai inji ta ce an fasa. Ya ce ai har ya sayi mai. Ta ce ta ji, za su yi magana.

Alhamis Yaya ya tuƙa su a a-kori-kurar kamfani, Baba a tsakiya da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Manaja a matse jikin ƙofa. Sau uku wayar Baba na ƙara yana ƙyale ta. A na huɗu ya ɗauka, ya riƙe ta nesa da kunne har muryar da ke ciki ta gaji, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka gaida yara," ya mayar aljihu.

A ƙofar ofis suka sami Auta zaune a kan babur. An ce masa sai da hannunsa, shi ya kawo shi.

Manoman benci suka matsa wa Baba ya shiga gaba. Da jami'ar tebur na uku ta ji abin da ke tafe da shi, sai ta mayar da tabarau ta dube shi da kyau.

"Baba, ka gane abin da za ka yi? In ka janye, bana ba ka da komai a wurinmu."

"'Yata, bara ma ba ni da komai a wurinku, ga ni kuma da raina. Ina tawadar?"

Ya dangwala. Ta buga hatimi, ta cire fayil ɗinsa daga tsibin da yake ta sa a wani. Sannan ta zaro fom ɗin haya guda biyu, na rafi da na tudu, ta ɗora bakin biro a kan wani ɗan gurbi.

"Nan ne shekaru, ku kula da shi. Adadin da kuka rubuta ya zama alkawarinku da gwamnati. A cikinsa gonar ba za ta ragu ba, kamfanin ba zai watse ba. In ya watse, duk abin da kuka karɓa za ku mayar. Ƙasa da uku ba ma karɓa."

Manaja ta rubuta talatin a duka biyun, ta sa hannu. Yaya ya sa nasa a hankali, harshe a gefen baki. Ta tura wa Auta takardun.

Ya karanta. Bai taɓa biron ba.

"Talatin."

"Auta, mutane na jira."

"Su jira. Cewa na yi in ya fito zan haƙura, ban ce ki ɗaure ni a turke ba. Talatin, Manaja. Lokacin shekarata saba'in da biyu. Kin rubuta sauran rayuwata a gurbin da bai kai farce ba, ko kallona ba ki yi ba."

Wani a benci ya ce don Allah a taimaka a yi sauri. Gaskiya Auta ya faɗa, Manaja kuma ta san abin da ke hannunsa. In ya juya ya fita, gobe a rufe, bayan girbi ya ɗauki kasonsa, ba mai cewa ya saɓa alkawari. Ta laluba dabarunta kaf, ba ta ga wadda ba ta riga ta gwada a kansa ba.

"Ban kyauta ba," ta ce. "Rubuta abin da za ka iya. In ba za ka iya ko ɗaya ba, faɗa mu tashi."

Auta ya dube ta, don bai saba jin irin haka daga bakinta ba. Sai ya juya ga Baba, wanda ke goge babban yatsansa da gefen hankici, tawadar ta ƙi fita.

"Baba, kai kuma me ya sa ka dangwala tun ba ka ga hannuna ba? Yanzu in na fita, ba ka ga tallafi, ba ka ga takardar lambu."

"Ni aka fara miƙo wa."

"Wannan ai ba amsa ba ce."

"Ita ke gare ni."

Auta ya ja tsaki ƙasa-ƙasa, ba a san da wa yake ba. Ya ɗauki biron, ya soke talatin, ya rubuta biyar. Ya jawo ɗaya takardar ya yi mata haka. Jami'ar ta nuna masa inda zai ƙara sa hannu kusa da gyaran, ya sa.

"Ka yi haƙuri, Baba. Iya abin da zan iya ke nan."

"A shekaruna, wanda ya ba ka biyar ya kyautata maka zato."

Jami'ar ta yi 'yan danne-danne, ta ce fayil ɗinsu ya wuce, saura mai duba. Ta ƙara da cewa in ita ce su, tun yau za ta hau bene ofishin filaye ta fara rajistar musayar, don haya ba ta zama gado. Can ma sai da hannun su uku.

A gindin matakala Manaja ta dubi Auta. Ya riga ya ciro makullin babur.

"Ba yau ba. Shago na bari a rufe."

"Yaushe?"

"Damina biyar na ba ki. Ki nuna mini gonar nan tana iya riƙe gida uku, sai mu yi maganar bene." Ya fita ya hau babur, ya taka sau biyu kafin ya tashi. "Kuma ki daina kai tarakta wurin bakaniken nan na bakin tasha, yankar ki yake yi. In ta lalace ki kira ni."

Ya tafi. Yaya ya kama hannun Baba suka nufi mota, suna tafe suna gardamar ko hadarin gabas na ruwa ne. Manaja ta tsaya a inuwar ƙofa ta kira mai sayar da iri. Ta ce ya ware mata na hekta goma, gobe da safe za a zo ɗauka.